Tsofaffin Hotunan Koguna, Gadoji da Wuraren Sana'a a Ƙasar Hausa: Abin da Suka Nuna da Abin da Suka Bari

Gabatarwa

Hausawa sukan ce gani ya kori ji. Shi ya sa idan aka miƙa wa mutum tsohon hoto, nan da nan yakan sallama, ya ɗauka cewa abin da idonsa ya gani a takardar nan shi ne yadda al'amarin ya kasance, babu ragi babu ƙari. Hotunan da jama'a suka fi sha'awa kuwa su ne na mutane, kamar sarki a kan doki, ko hakimai a ƙofar fada, ko ɗaliban wata makaranta sun jeru tare da malaminsu. Amma akwai wani rukuni na hotuna wanda ba a cika tsayawa a kansa ba, domin a kallon farko babu abin da ke jan ido a cikinsa, watau hotunan koguna da mashigai, da gadoji da tashoshin jirgi, da wuraren da ake sana'a ko ake tara kayan ciniki. Maƙasudin wannan lacca shi ne a yi bayanin yadda ya kamata a kalli irin waɗannan hotuna, musamman waɗanda aka ɗauka a Nijeriya ta Arewa daga wajen 1900 zuwa samun mulkin kai a 1960, sa'an nan a juyo da bayanin a kan birnin Katsina.

Abin da za a kafa bayanin a kansa shi ne cewa hoto shaida ne. To, alƙali mai hankali ba ya yanke hukunci da maganar mai ba da shaida sai ya san ko wane ne shi, da inda ya tsaya lokacin da abin ya faru, da kuma wanda ya kawo shi gaban shari'a. Haka shi ma tsohon hoto yake bukatar a yi masa tambayoyi huɗu: da wane irin kayan aiki aka ɗauke shi, a wane lokaci na shekara, wane ne ya sa aka ɗauka, kuma me aka bari a waje. Sai an sami amsar waɗannan ne za a san iyakar abin da hoton yake iya tabbatarwa.

Asalin irin waɗannan hotuna

A shekarar 1839 aka bayyana wa duniya dabarar ɗaukar hoto ta wani Bafaranshe mai suna Louis Daguerre. A wancan lokaci sai an bar idon kyamara a buɗe na mintoci da yawa kafin haske ya kama, saboda haka duk abin da ke motsi ba ya fitowa. Akwai sanannen hoton da Daguerre ya ɗauka na wani titi a birnin Faris a 1838, inda kekunan doki da masu wucewa duk suka ɓace, aka ga titin kamar kufai, in ban da wani mutum da ya tsaya ana goge masa takalmi. Wannan shi ne dalilin da ya sa gine-gine da gadoji da jiragen ruwa da ke tsaye a tasha suka zama abin da kyamara ta fara ƙwarewa a kansu.

Ba a daɗe ba injiniyoyi da gwamnatoci suka gane amfanin abin. A Faransa an sa Édouard Baldus ya ɗauki hotunan hanyoyin jirgin ƙasa da gadojinsu, kuma a 1856 gwamnati ta tura shi ya ɗauko ɓarnar da ambaliyar kogin Rhône ta yi. A Sikotilan, lokacin da ake gina babbar gadar Forth wadda aka buɗe a 1890, wani matashin injiniya, Evelyn Carey, ya riƙa ɗaukar aikin mataki mataki har aka gama. Daga nan za a ga cewa tun asali, hoton gada ko na masana'anta rahoto ne da ake kai wa mai aikin, domin ya ga inda kuɗinsa suka shiga.

Kayan aikin su ma sun yi ta sauƙaƙa. Dabarar jiƙaƙƙen gilashi da Frederick Scott Archer ya fito da ita a 1851 tana tilasta wa mai hoto ya shafa wa gilashi magani, ya ɗauka, ya wanke, duk kafin maganin ya bushe, don haka sai ya yi yawo da tanti mai duhu. Busasshen gilashi ya biyo baya daga 1871, sa'an nan a 1888 kamfanin Kodak ya fito da ƙaramar kyamara mai fim wadda kowa ke iya riƙewa. Baturen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da suna Abdulkarim, ya zo Katsina a 1851 da kuma 1853, amma da alƙalami da zane ya koma gida. Sai da kyamara ta yi sauƙin ɗauka sa'an nan ta shigo ƙasar Hausa sosai, kuma shigowar tata ta zo daidai da zuwan mulkin Turawa.

Kyamara ta biyo jirgin ruwa da hanyar dogo

A bakin teku 'yan ƙasa sun riga sun kama sana'ar. Jonathan Adagogo Green, mutumin Bonny, wanda ya rasu a 1905, ya ɗauki hotunan tashoshin kamfanoni da gangunan manja a bakin ruwa. George Da Costa kuma, wanda ya buɗe gidan hoto a Ikko a 1895, ya ɗauki hotunan aikin shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa. A Arewa kuwa yawancin hotunan farko hafsoshin soja ne da ma'aikatan mulki da injiniyoyi da matafiya suka ɗauke su, kuma hanyar da suka bi ita ce hanyar da kyamara ta bi: daga Lakwaja, inda Kwara da Binuwai suka haɗu, zuwa Jebba da Zungeru, sa'an nan Zariya da Kano.

A 1907 aka naɗa Percy Girouard shugaban mulkin Arewa bayan Gwamna Lugga. Shi mutumin Kanada ne, injiniyan reluwe, wanda ya shimfiɗa dogo a hamadar Sudan. A zamaninsa aka fara hanyar jirgi daga Baro, a bakin Kwara, zuwa Kano, tafiyar kimanin mil 350. Dogon ya isa Kano a 1911, aka buɗe shi ga jama'a a 1912. Hanyar da ta taso daga Ikko kuma ta isa Jebba a 1909, inda aka riƙa ɗora taragu a kan jirgin fito ana ƙetare Kwara da su, har aka gama gada a cikin shekarun Yaƙin Duniya na Farko. A Makurɗi ma haka aka yi ta fito a kan Binuwai sai 1932 da aka buɗe gadar da kamfanin William Arrol ya gina, watau shi Arrol ɗin da ya yi aikin gadar Forth. Waɗannan ayyuka su ne suka cika albam-albam na gwamnati. Akwai ma wata 'yar gadar ƙarfe ta masu tafiya a ƙasa da aka kafa a Zungeru a 1904, wadda daga baya aka ɗauko ta aka kafa a Kaduna, a lambun da ake kira da sunan Janar Hassan Usman Katsina. Wanda ya kwatanta ta da tsofaffin hotunan gadojin wancan zamani zai fahimci yadda kyamara take ƙara wa ƙaramin abu girma idan an tsaya a ƙarƙashinsa.

Tambaya ta farko: kayan aiki

Maganin da ake shafa wa gilashi ko fim a wancan zamani ba ya ganin launi yadda idon mutum yake gani. Shuɗi yana kama shi da sauri, ja kuwa da ƙyar yake kama shi. Irin gilashin da ke ganin dukkan launuka sai wajen 1906 ya shiga kasuwa, kuma an daɗe kafin ya game hannun jama'a. Wannan ya haifar da abubuwa da dama waɗanda mai kallo ya kamata ya sani. Sararin sama yakan fito fari fat babu ko ɗigon girgije, ko da kuwa hadari ya fara haɗuwa. Ginin jar ƙasa, kamar ganuwa ko soro, yakan fito da duhu da nauyi fiye da yadda yake. Shuɗin zane yakan yi haske. Fuskokin leburori kuwa, idan an ɗauke su da tsakar rana, sukan zama baƙi wuluk har ba a rarrabe wani da wani.

Ruwa ya fi kowane abu ruɗi a hoto. Da yake fuskar ruwa tana mayar da hasken sama, sai kududdufin da ya yi jawur da laka ya fito fari tas kamar azurfa. Idan kuma an daɗe ba a rufe idon kyamara ba, ruwan da ke gudu da ƙarfi yakan kwanta sumul kamar madara a ƙwarya, kwalekwalen da ya gifta kuma ya zama wata 'yar inuwa. Saboda haka ba a iya dogara da irin wannan hoto wajen sanin tsabtar ruwa ko ƙarfin gudunsa. Abin da yake iya bayarwa da gaskiya shi ne faɗin kogi, da tsawon gaɓa, da yawan ginshiƙan gada, da irin itatuwan da ke bakin ruwa, domin waɗannan ba sa motsi kuma launi bai shafe su ba.

Har wa yau, zafi da ƙura sun wahalar da masu hoto. Maganin da ke jikin gilashi yakan yi laushi idan ruwan wanki ya yi ɗumi, ƙurar hunturu kuma takan bar ɗige-ɗige. Yawancin tabon da ake gani a sararin saman tsofaffin hotuna daga nan ya samo asali.

Tambaya ta biyu: rani ko damina

Yawancin hotunan kogunan Arewa da rani aka ɗauke su. Dalili kuwa shi ne da rani Razdan da Di'o suke fita rangadi, da rani hanya take biyuwa, kuma da rani ake haƙa gindin gada, lokacin da ruwa ya janye. Don haka mai duba hotunan zai ga gada mai tsawon gaske ta ratsa fili na rairayi, jakuna suna wucewa ta ƙarƙashinta, har ya yi mamakin abin da ya sa aka kashe kuɗi haka. Amsar tana cikin watan Agusta, wanda ba safai ake ɗaukarsa a hoto ba. Mai lura zai iya gano ta a jikin hoton kansa, idan ya dubi tabon da ruwa ya bari a ginshiƙai, da yayin da ya maƙale a rassan itatuwa, da yadda gaɓa ta zaizaye.

Kogin Gada, wanda ya bi ta Jibiya ya shiga ƙasar Nijar ya zama Gulbin Maraɗi, ya isa misali. Da rani rairayi ne zalla, mata suna tona shi suna ɗiban ruwa. Amma gulbin nan ne ya ci tsohon garin Maraɗi a 1945, har aka tashi garin daga kwari aka mai da shi kan tudu. Garin Jibiya ma ya ga mummunar ambaliya a watan Yuli na 2018, wadda ta ci rayuka da gidaje da yawa.

A manyan koguna kuma ruɗin ya juya. Hotunan tashar Baro suna nuna manyan jiragen ruwa sun jingina da gaɓa ana sauke ƙarafan dogo, sai mutum ya zaci haka tashar take shekara duka. Alhali kuwa manyan jirage ba sa isa can sai a 'yan watannin da Kwara ta cika. Sauran shekara kwalekwalen Nufawa, musamman Kede waɗanda suka daɗe da riƙe sufurin kogin, su ne ke aiki. Da hanyar Ikko ta haɗu da ta Baro a Minna, sai tashar Baro ta fara ja da baya.

Tambaya ta uku da ta huɗu: mai hoton da abin da ya bari

An riga an faɗa cewa hoton gada rahoto ne. Wanda ake kai wa rahoton a nan shi ne Ofishin Mulkin Mallaka a Landan, da kamfanonin da suka zuba jari. Abin da suke so su gani shi ne ƙarfe ya hau kan ginshiƙi, aiki yana ci gaba. Shi ya sa rubutun da ke ƙarƙashin hoto yakan ambaci sunan kogi, da lambar mil, da kwanan wata, wani lokaci da sunan injiniya. Mutanen da suka yi aikin kuwa ba a ambaton sunansu. Sau da yawa akan tsai da mutum ɗaya kusa da ginshiƙi don kawai a gwada tsawon ginin da tsawonsa.

Tarihi ya tabbatar da cewa an shimfiɗa dogon Baro zuwa Kano ne da aikin dubban talakawa waɗanda aka ɗebo ta hannun sarakuna da hakimai, da yawansu ba da son ransu ba. Da kwando da kwanon sarki suka ɗebi ƙasar da aka yi tudun da dogo ya hau. Haka kuma tsakanin 1942 da 1944 aka yi abin da jama'a suka kira ɗiban gwamna, aka kwashi mutane daga lardunan Arewa zuwa haƙar kuza a tsaunukan Jos, inda sanyi da yunwa da cuta suka kashe da yawa. Hoton ramin kuza yana nuna layin mutane suna hawa da kaya a ka, a tsare gwanin sha'awa. Bai nuna gonar da aka bari babu mai nome ta ba, bai kuma nuna bukkar da suke kwana ba. Duk da haka, da yake babu wani wurin da aka adana kamannin waɗannan bayin Allah, hoton nan shi ne kaɗai abin da ya rage nasu, kuma daga cikinsa ana iya sanin suturarsu, da kayan aikinsu, da ko akwai yara a cikinsu.

Dalar gyaɗa ta Kano ita ma tana bukatar irin wannan karatu. An saba kallonta a matsayin alamar arziki, kuma gaskiya ne, tun daga 1912 gyaɗa ta canja tattalin arzikin ƙasar, har fatake irin su Alhassan Ɗantata suka shahara da ita. Amma dalilin da ya sa dalar ta yi yawa, musamman bayan Yaƙin Duniya na Biyu, shi ne reluwe ta kasa kwashe kayan saboda ƙarancin taragu da kawunan jirgi. Ashe ke nan hoton dala shaida ne na yawan noma, kuma shaida ne na gazawar sufuri. Wani kaso mai yawa na buhunan nan kuwa daga gonakin Katsina da Daura ya fito, a kan raƙuma da jakuna, daga baya a kan manyan motoci.

Matsayin birnin Katsina

A nan ne maganar ta zo gida. Birnin Katsina ba ya kan babban kogi. Rafukan da ke kwashe masa ruwa, watau Ginzo da Tille, da damina suke cika. Hanyar jirgi kuma a duk tsawon mulkin Turawa ba ta zo birnin ba. Reshen da ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929. Saboda haka hotunan injuna da tasha na Lardin Katsina daga kudu suka fito, inda aka kafa injin gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi. Abin da masu kyamara suka fi ɗauka a cikin birni shi ne hasumiyar Gobarau, da ƙofofi irin su Ƙofar 'Yanɗaka wadda Lugga ya shigo ta cikinta a 1903, da fadar Sarki Muhammadu Dikko da ta Sarki Usman Nagogo, da hawan salla, da wasan folo, da Kwalejin Katsina wadda aka buɗe a 1922. Har a 1959, da Ba'amurken nan Eliot Elisofon ya zo, hotunansa na Katsina da suka fi shahara na zaman fada ne.

Wanda ya tsaya a kan waɗannan kaɗai zai iya zaton cewa Katsina gari ne na sarauta da malanta wanda ba shi da aikin ruwa ko masana'anta. Wannan kuskure ne wanda ya samo asali daga abin da mai kyamara ya ɗauka a matsayin aikin injiniya. A wurinsa, in babu ƙarfe da tururi, to, abin al'adar 'yan ƙasa ne kawai. Alhali ita kanta ganuwar Katsina, wadda Barth ya ƙiyasta kewayenta da mil 13 zuwa 14, aikin ƙasa ne babba wanda ya ci ƙarfin al'umma na zamanai. Ƙasar da aka gina ta da gidajen birni kuwa daga ramuka aka haƙo ta, ramukan nan su ne suka zama kududdufai. Kududdufi yana tare ruwan sama ya rage wa unguwa ambaliya, yana tsatsafa ruwa zuwa rijiyoyin da ke kusa, ana shayar da dabbobi a cikinsa, ana kuma kwaɓa ƙasar tubali a bakinsa, ko da yake yana tara sauro da ƙazanta. Sunayen unguwanni irin su Rafukka da Rafindaɗi suna tuna wa mutane cewa akwai ruwa da lambuna a cikin ganuwa, inda ake ban ruwa da jigo.

Haka nan karofi masana'anta ce sosai. Ana haƙa rami mai zurfi, a dafe shi da laso don kada ya tsiyaye, a zuba ruwa da baba da toka da katsi, a bar su kwanaki su ruɓa kafin a fara tsoma zane. Majema ma tana bukatar ruwa mai yawa da bagaruwa, kuma saboda wari akan kafa ta a gefen gari. Katsina ta daɗe da suna wajen jima da dukanci. Waɗannan wurare suna nan a cikin tsofaffin hotuna, sai dai ba a tsakiya suke ba. Akan same su a gefe, ko a bayan mahayin doki, ko a ƙasan hoton da aka ɗauka daga saman hasumiya. Don haka mai nazarin Katsina ya kamata ya koyi duba gefen hoto fiye da tsakiyarsa, da madubin ƙara girma idan ya samu.

Hotunan da aka ɗauka daga sama sun fi taimakawa a nan. Jirgin sama ya fara sauka a Kano a 1925, kuma a tafiyarsa ta 1930 zuwa 1931 wani matuƙi ɗan Suwizalan, Walter Mittelholzer, ya ɗauki Kano daga sama. Bayan 1946 kuma hukumar safiyo ta Ingila ta riƙa ɗaukar ƙasashen da ke ƙarƙashinta daga sama domin zana taswira. Irin waɗannan hotuna ba sa zaɓen sarki su bar talaka. Suna nuna kowane kududdufi da kowace hanyar ruwa. A yau da aka cike kududdufai da yawa da shara aka yi gini a kansu, kuma aka ci ganuwa a wurare da dama, tsohon hoto yana iya nuna wa mai tsara gari inda ruwa yake bi da, watau inda zai nemi bi idan an yi ruwa mai yawa.

Manyan ayyukan zamani sai bayan mulkin kai suka iso. An gama madatsar ruwa ta Ajiwa, wadda birni ke sha daga gare ta, a tsakiyar shekarun 1970. An buɗe masana'antar mulmula ƙarfe ta Katsina a 1982, aka gama madatsar Zoɓe kusa da Dutsin-ma a 1983. A 2021 kuma aka aza harsashin hanyar jirgi daga Kano ta Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi. Hotunan waɗannan ayyuka dangin hotunan Baro ne, kuma tambayoyin nan huɗu sun hau kansu daidai.

Gane lokacin hoto da adana shi

Yawancin hotunan da ke hannun jama'a babu kwanan wata a jikinsu, amma akwai alamomi. Hoton tarago a kan jirgin fito a Makurɗi bai wuce 1932 ba. Hoton siririn dogon da ya haɗa Zariya da Jos bai wuce 1957 ba, shekarar da aka rufe shi. Kwalejin Katsina ta tashi zuwa Kaduna a 1938. Game da lokacin shekara kuwa, itatuwa sun isa shaida. Gawo yana fid da ganye da rani ya kaɗe da damina, kuka kuwa akasin haka take yi, saboda haka kuka tsirara da gawo mai ganye a hoto ɗaya suna nufin rani ke nan. Inuwa ma tana magana. Da yake Katsina tana wajen digiri 13 arewa da tsakiyar duniya, rana takan tsaya daidai ka a ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta. Tsakanin waɗannan lokuta inuwar tsakar rana kudu take faɗuwa, da hunturu kuwa takan miƙe arewa.

Da yawa daga cikin hotunan nan suna ƙasashen waje. Na Ofishin Mulkin Mallaka suna gidan adana takardun tarihi na Ingila, wanda ya sa dubbai daga cikinsu a intanet a 2011. Na E. H. Duckworth, wanda ya daɗe yana editan mujallar Nigeria, suna Jami'ar Northwestern a Amurka. A gida kuma akwai gidan adana takardun tarihi na Kaduna, da Gidan Arewa, da gidan tarihi da ke cikin tsohon ginin Kwalejin Katsina. Amma waɗanda suka fi shiga haɗari su ne na cikin adaka da akwatuna a gidajen tsofaffin ma'aikatan En'e, da malaman gona, da direbobi, da masu gidajen hoto, inda gara da laima suke cin su, ko magada su zubar da dodon hoto don ba su san amfaninsa ba. Abin da ya kamata shi ne a ajiye hoto a wuri busasshe marar hasken rana, kada a liƙe shi da roba mai zafi, a kwafe shi a kwamfuta, a kuma rubuta bayaninsa a baya da fensir, domin tawada tana ratsa takarda.

Kammalawa

An ga cewa tsohon hoton kogi ko gada ko wurin sana'a yana da gaskiyar da yake riƙe da ita, yana kuma da iyaka. Maganin gilashi ya canja masa launi, lokacin ɗauka ya ɓoye rabin shekara, wanda ya biya kuɗin ya zaɓi inda za a tsaya, kuma an bar leburori babu suna. An kuma ga cewa a Katsina, inda babu babban kogi kuma dogo bai zo ba a wancan zamani, aikin ruwa da sana'ar birni sun koma gefen hoto, sai mai haƙuri ke ganinsu.

Abin da ya rage shi ne a haɗa gani da ji. Hoto ba ya faɗin sunan kududdufi, ba ya faɗin wanda ke da karofi, ko shekarar da ruwa ya ci wata gada. Dattawan da suka yi wanka a kududdufan nan suna yara, ko suka bi iyayensu rini da jima, su ne ke iya faɗa, kuma kullum raguwa suke yi. Ya kamata sassan tarihi da na labarin ƙasa a jami'o'i da kwalejojin Katsina su tura ɗalibai unguwa unguwa da kwafin hotunan nan, su zauna da dattawa, su rubuta sunan kowane wuri da abin da ake yi a cikinsa, sa'an nan su tsaya a inda mai hoton farko ya tsaya su sake ɗaukar wurin yadda yake a yau. Allah ya sa a yi wannan aiki tun masu bayanin suna raye.